Ƙayar Kifi da Hannun Hagu

Uwarku ta faɗi a kicin wata Laraba da hantsi, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ina bakin teburin sana'ata a titin Fordham maƙwabciya ta bugo min waya. Kafin in isa asibiti an riga an shiga da ita. Ta fito da ranta, amma hannun dama ya tafi, ƙafar dama tana ja, magana kuma ta koma kalma ɗaya ko biyu, su ma sai an kasa kunne.

Wannan kun sani. Abin da ba ku sani daidai ba shi ne yadda aka yi ta zauna a gida, ba a kai ta gidan jinya ba. Ke Nana, har yau in zancen ya taso sai ki miƙe ki kama wanke-wanke. Kin ɗauka ke kika so a fitar da uwarki daga ɗakinta, ni kuma na tsaya na hana. Kai ma Sani haka kake ba 'ya'yanka labari, wai kakansu dutse ne, ba a juya shi. Ba haka aka yi ba.

Ni mutumin Tanut ne, arewa da Damagaram. A garinmu babu kogi. Har na yi gemu ban taɓa riƙe ɗanyen kifi ba. Uwarku kuwa 'yar Garwa ce, a bakin Binuwai aka haife ta, a gidan da ko karin kumallo sai da kifi. Na gan ta lokacin da nake kai albasa Kamaru, na nemi aurenta, ta yarda. Tun ranar farko ɗan tudu take ce min, kuma haihuwarku ba ta sa ta canza ba. Da muka tsallako teku muka zo Bronx, abin da ta zo da shi daga garinsu bai wuce zannuwa ba, sai pilipili a hannunta. Haka ake kiransa a can. 'Yan Najeriya na benenmu suna cewa fish-rol, ita kuma takan ce wannan wani abu ne daban, kada a ɓata mata suna. Fulawa ce ake kwaɓawa da bota, a murza ta fale-fale, a zuba soyayyen kifi da kayan yaji a ciki, a rufe baki, a jefa a mai. Duk Juma'a sai ta yi. In muka sauko daga masallaci, tun daga ƙofar bene nake jin ƙamshi, in tarar da kwanoni a jere, na matar Bagane da ke ƙasanmu, na mutanen Kano da ke ƙarshen baranda, na tsohuwar nan mai jin Sifaniyanci da ba su taɓa fahimtar maganar juna ba. Nawa ci ne kawai. Ban taɓa tsayawa na ga yadda ake yi ba.

Da aka sallamo ta, sai ta ƙi abinci. Asibiti sun ce a ba ta mai laushi saboda haɗiya ta yi rauni. Nana ta ɗauki hutu daga aiki, tana niƙa dankali da kaza da kabewa, tana zama a bakin gado da cokali. Uwarku ta datse baki ta juya fuska bango. In an matsa, ta karɓi cokali biyu, na uku ta bar shi ya zubo. Matar da asibiti ke turowa don motsa jiki ta ce a sa mata cokalin a hannun hagu ta gwada da kanta. Aka sa, ta buɗe yatsu, cokali ya faɗi. Aka sake, ya sake faɗi. Muka ce ashe hagun ma ya taɓu. Tana ta ramewa ina kallo. Awarwaron da a da sai da sabulu yake fita, ya koma yana gangarowa har gwiwar hannu. Likita ya tara mu ya ce in ta koma awo ba ta ƙaru ba, za a huda ciki a sa mata robar ba da abinci, kuma mai roba a wannan hali gara tana inda masu jinya suke dare da rana. Nana ta ce gaskiya ne. Sani ma bai musa ba.

Na bar teburina hannun Mamman ɗan Maraɗi, wanda nasa ke kusa da nawa, na ce ya riƙa duba min kafin in dawo. Na zauna gida ba tare da na san abin da zan yi ba. Ni ban iya lallashi ba. Abin da na sani shi ne kiwo, don da shi na tashi, kuma na ga raƙumar da ta ƙi ci, ba ɗura ake mata ba, kanwar da ta saba da ita ake kai mata hanci. Gidanmu a lokacin ba ya ƙamshin komai sai magani. Sai na gangara shagon 'yan Afirka da ke titin Tremont na ce a ba ni kifin da Hajiya 'yar Garwa take saye. Mai shagon ya san ta. Ya ɗauko makero daga firji, ya haɗa min da fulawa da bota da albasa da tafarnuwa da citta da farin masoron Kamaru, ya tambayi jikinta, ya ce wa zai yi aikin. Na ce ni. Ya dube ni, ya sa min ƙarin fulawa a leda.

Pilipilin farko bai yi ba. Ni a sanina duk abin da za a soya da danshinsa yake shiga mai, haka na ga ana yi wa ƙosai da fanke. Na zuba kifi da zafinsa da romonsa a cikin kwaɓi, na naɗe, na jefa. Suka fashe ɗaya bayan ɗaya, mai ya yi ta tsalle, abin nan na rufi mai kukan hayaƙi ya cika bene da ihu, har matar Bagane ta hauro da tsintsiya ta kashe shi. Na share kicin, washegari na sake. A karo na uku wasu suka fito da kamannin abinci. Ƙamshin kuma na uwarku ne, don kayan nata ne. Ina shiga ɗaki da faranti na ga ta juyo daga bango. Nana tana wurin. Na fasa ɗaya, na bar ɓawon, na ɗebo na cikin a cokali, na miƙa. Uwarku ta dube ni ta daɗe, sannan ta buɗe baki. Tun faɗuwarta ban ga ta buɗe baki da kanta ba.

Sai tari ya sarƙe ta. Idonta ya fito, fuskarta ta canza. Nana ta ture ni, ta sunkuyar da ita, ta sa yatsa a bakinta, ta jawo ƙaya siririya kamar gashi. Ni da na dafa kifin na cire ƙashin tsakiya da manyan na gefe, na ɗauka shi ke nan. Ban san makero yana da ƙananan ƙayoyi a cikin tsoka ba, waɗanda ido ba ya gani sai yatsa ya ji. Ko da na sani ma ba zan ji ba. Shekarun da na yi a bakin titi ina sayar da huluna da lema da safar hannu sun cinye min kan yatsu. Ina sayar wa mutane safa, ni ba na sawa, don ba a ɗaure kaya da kwance su da safa. Yau in allura ta soke ni sai na ga jini nake sani.

Da numfashinta ya dawo, Nana ta fito da ni baranda ta ja ƙofa. Da Turanci ta yi maganar, kamar yadda kuka saba, amma na ji duka.

"Baba, da ba na nan fa? Da kai kaɗai ne a ɗakin nan, me za ka yi? Ka gaya min."

Gaskiya ta faɗa. Na dubi ƙayar, tana nan manne a yatsanta.

"Ki gaya wa likita mun yarda," na ce.

To kin ji, Nana. Kin ce ba ki tuna na faɗi haka ba, kina kuka a lokacin. Na faɗa. Ba ke kaɗai kika yarda a kai ta ba, da bakina na yarda, kuma a ranar nan, da a ce wani ya ce min ga mota a ƙasa, da ni zan ɗauki jakarta.

Washegari da safe Nana ta fita karɓo magani. Na zaunar da uwarku a kekenta na marasa lafiya a falo, kamar yadda matar asibiti ta ce a riƙa yi, fuskarta tana kallon ƙofar kicin. Akwai sauran dafaffen kifi a kwano da sauran kwaɓi a firji. Ni ba na zubar da abinci. Wanda ya taɓa kwana a hanyar Libiya yana tsotson tsakuwa ba ya zubar da abinci. Na ce in ƙarasa in ci kayana. Na zauna a ƙasa, na sa tabarau, ina tona kifin ina neman ƙaya da ido. Na samu biyu ko uku, na gaji, na ce koma mene ne maƙogwarona ya haɗiyi abin da ya fi wannan. Na ɗebo zan zuba a kasko, sai na ji ana buga hannun keke.

"Ɗan tudu."

Tun da ta faɗi ba ta kira ni da komai ba. Na juyo.

"Kawo," ta ce.

Na kai kwanon na ɗora mata a cinya. Ta dubi kifin, ta dubi hannun dama da ke kwance kamar na wani, sannan ta dubi na hagu. Ta daɗe tana dubansa. Daga nan ta ce ruwa. Na kawo buta da roba da sabulu na wanke mata shi, ta ce in sake, na sake. Sai ta tsoma shi a kwanon, ta rufe ido. Yatsun nan da muka ce sun taɓu suna tafiya cikin kifin kamar masu tsince shinkafa, su murza, su tsaya, su zaro, su manna a bakin kwano. Ina durƙushe ina kallo har bakin kwanon ya zagaye da ƙaya. Da ta gama ta bi shi gaba ɗaya ta sake, ta samu ɗaya, ta ɗaga min ita a gaban hanci.

Ta nuna kasko da haɓa. Na soya albasa da tafarnuwa da citta, na zuba kifin, ina juyawa tana kallo. Duk sanda na kai hannu zan sauke sai ta buga keke, har ruwan ya ƙone ƙaf, kifin ya yi wara-wara. Ta sa na baza shi a faranti na ajiye bakin taga ya huce. Da ya huce na kawo mata, don duk mai girki sai ya ji gishiri. Ta ɗebo kaɗan da yatsu uku, ta ɗago hannun, ya zo daidai ƙirji, ya tsaya. Ta mayar da shi farantin. Ta kawar da kai, ta riƙe hannun nesa da jikinta kamar ta taɓa ƙazanta.

A nan na gane. Sani, kai ka fi kowa sanin wannan, don bahago aka haife ka. Ka tuna shekarun da ta yi tana buge maka hannu a bakin kwano, tana sa ka zauna a kan hagunka har ka gama cin tuwo, tana cewa ɗan da ya fito cikinta ba zai ci da hannun tsarki ba. Ko kuɗin cefane aka miƙo mata da hagu ba ta karɓa. Matar nan ita muka sa wa cokali a hagu muna cewa ta gwada. Wanda kuma ya rage shi ne 'yar da ta haifa ta riƙa ba ta a baki kamar jaririya. A cikin biyun nan ta rasa wanda za ta iya, bakin da za ta yi mana bayani kuma babu. Mu muna ta niƙa kabewa.

Na tashi na wanke hannuna na hagu da sabulu. Na dawo na zauna a ƙasa gabanta, na tura na dama ƙarƙashin cinya na danne, na ɗebi kifin da hagu, na yi bisimilla, na kai baki. Rabi ya zube a rigata. Na sake ɗiba. Ina ci ina kallon farantin, ban dube ta ba.

"Ba tarbiyya," ta ce.

"A Tanut haka muke ci," na ce.

"Ƙarya."

Sai na ji wani sauti da na ɗauka tari ne, na ɗago a firgice. Dariya take da rabin baki. Ta ɗebo, ta kai, ta tauna a hankali, ta haɗiye. Na riƙe numfashi har ya wuce. Ta ce gishiri bai ji ba. Na ƙara, ta sake ɗanɗanawa, kuma daga ɗanɗano ba ta tsaya ba.

Haka Nana ta shigo ta same mu, ni a ƙasa, uwarta da hannu a faranti. Ta tsaya da rigar sanyinta a jiki da ledar magani a hannu. Na ɗauka faɗa za ta yi, kuma da ta yi ba zan ga laifinta ba. Ta ajiye leda, ta wanke hannu, ta ɗauke farantin daga cinyar uwarta, ta tsaya a bakin taga ta bi kifin nan kaf da yatsunta. Uwarku tana kallonta, ba ta ji haushi ba. Da ba ta samu komai ba ta dawo da shi inda ta ɗauka, ta durƙusa. Da Hausa ta yi magana, abin da rabona da ji daga bakinta tun tana 'yar makaranta.

"Mama, ƙara kaɗan."

Daga ranar aiki ya rabu. Ni ne mai kwaɓi da murji da tuya, ita ce mai ƙaya da gishiri da rufe baki. Ta koya min da bugun keke da kalmomi ƙalilan. Bota da sanyinta ake murza ta cikin fulawa har ta koma kamar yashi, sannan ruwa kaɗan-kaɗan. In an kwaɓa a rufe a bar shi ya huta, kada a taɓa shi ko ana sauri. Ba ta yarda da muciyar murji ta kanti ba, sai tsohuwar kwalbarta, kuma sai na murza har ta ga inuwar yatsanta ta bayan kwaɓin. In yanka da bakin kofi, in zuba kifi cokali ɗaya, in ninka, in tura mata a kan katako, ita kuma ta bi gefen da cokali mai yatsu tana dannawa. Da farko nata yana karkacewa, takan ture shi gefe ta ce nawa ne. Mai kada ya yi zafi har ya yi hayaƙi, a jefa ɗan kwaɓi, in ya taso a hankali da kumfa to ya yi. Watannin farko na cikin kawai take ci, a cakuɗa da dankali. Daga baya matar asibiti ta yarda ta riƙa jiƙa ɓawon a shayi. Da hannun ya saba da hanyar baki, sai ya kai kunu, ya kai tuwo mai laushi, ya kai ayaba. Ba kullum ne da daɗi ba. Akwai ranakun da takan ture kwano ta yi kuka, in share wuri in bar ta.

Da muka koma awo ta ƙaru. Likita ya ce a ɗaga maganar roba zuwa wani zuwan. A wani zuwan bai tayar da ita ba, mu ma ba mu tayar ba.

Teburina ban koma ba. Mamman ya riƙe min wurin iya ƙoƙarinsa, amma wurin titi ba ya jiran mutum. Na je na ce ya haɗa da nasa. Ya ce ya ji labari na zama mai tuya, saura in ɗaura zane. Na ba shi ledar pilipili da na zo da ita, ya ci biyu a tsaye, ya ce in ɗaura zanen ma ba laifi. Abin ya yi min ciwo, ba maganarsa ba, barin wurin. A kusurwar nan na tsaya har kuka gama makaranta. Ku kuka ɗauki haya daga lokacin, kuma ban saba a ɗauke min kaya ba. Na haɗiye.

Maganar hannun kuma na kai wa limaminmu da kaina, don ba na son ɓoye-ɓoye. Ya saurara har na gama, ya ce ita tana da larura, babu komai a kanta, amma ni ba ni da ita. Na ce na ji, Malam. Na sake gwada ci da dama a gabanta sau ɗaya bayan nan. Sai ta janye hannunta daga kwano ta ɗora a cinya. Shi ke nan ban ƙara ba. A waje da dama nake ci, a gida da hagu, ina kuma neman gafarar Allah a kai. Jikokina sun tambaya, kun ce musu kafaɗata ce ke ciwo. Kafaɗata lafiya lau take. Ku gaya musu gaskiya in sun isa ji.

Yanzu ina nan unguwar Mount Hope, a ɗakin da kuka girma. Gwiwa ta fara ba ni wahala, na'urar hawa benen kuma rabin wata a lalace take. Fitata masallaci ce da shagon kifi. Nana ta gyara mana ɗaki a ƙasan gidanta, babu matakala, ta ce mu komo. Na ce ta tambayi uwarta. Ta tambaya, uwarku ta ce ba yanzu ba, tagar kicin ɗin can ba ta samun iska. To ina nan inda take.